Yaron Balan-balan na Colorado: Tambayoyi da Amsoshi kan Labarin da Ya Tsayar da Amurka a 2009

Duk lokacin da aka yi zargin cewa wasu iyaye sun ƙirƙiri ɓatan ɗansu don neman suna, labarin da ake fara tunawa shi ne na iyalin Heene na jihar Colorado. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da ya faru a ranar, da hukuncin da aka yanke, da rawar da gidajen talabijin suka taka. An ambaci sunayen iyayen saboda su ne suka tsaya gaban alƙali. Yaran kuwa an bar sunayensu.

Me ya faru a ranar?

Ranar Alhamis 15 ga Oktoba 2009, wajen ƙarfe 11 da rabi na safe, Richard Heene da matarsa Mayumi, mazauna garin Fort Collins, suka sanar da hukuma cewa wani ƙaton balan-balan da suka haɗa a gida ya tsinke ya tashi sama, kuma suna fargabar autansu mai shekara 6 yana ciki. Ɗaya daga cikin yayyen yaron ne ya ce ya ga ƙaninsa ya shiga ɗan akwatin da ke ƙasan balan-balan ɗin.

Abin da aka haɗa ɗin leda ce aka liƙe da salatif, aka lulluɓe da takardar alminiyam mai ƙyalli, aka cika da iskar hiliyam. Faɗinsa kusan mita 6, siffarsa ta faranti. Ya yi sama har wajen mita 2,100, iska ta kwashe shi tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Jiragen soja masu saukar ungulu suka bi shi, na gidajen talabijin ma suka bi shi, aka karkatar da wasu jirage a filin jirgin saman Denver. Da ya sauka a wata gona kusa da Keenesburg, masu ceto suka ruga suka buɗe, ba kowa a ciki.

Nan ne hankali ya ƙara tashi, domin an ba da rahoton ganin wani abu ya faɗo daga balan-balan ɗin a hanya. Aka bazama neman gawa. Sai bayan ƙarfe 4 na yamma aka sanar cewa yaron yana gida lafiya lau, an ce ya ɓuya ne cikin kwali a saman silin gareji.

Me ya sa gidajen talabijin suka ajiye komai suka bi shi?

Saboda labarin ya haɗa duk abin da kyamara ke so: ƙaramin yaro, haɗarin mutuwa, hoto mai motsi, da ƙarshen da ba wanda ya sani. A ranar Shugaba Barack Obama yana New Orleans, ziyararsa ta farko can a matsayin shugaban ƙasa, inda ake batun sake gina birnin bayan guguwar Katrina. Amma hankalin tashoshin labarai ya koma kan ledar da ke yawo a sararin Colorado.

Talabijin ɗin Amurka ya daɗe da sanin cewa yaro cikin haɗari yana riƙe masu kallo. A watan Afrilun 1949 wata yarinya 'yar shekara 3 ta faɗa tsohuwar rijiya a San Marino ta jihar California, tashar KTLA ta watsa aikin ceto kai tsaye na fiye da awa 27, aka ciro ta ba rai. A Oktoban 1987 wata 'yar wata 18 ta maƙale a rijiya a Midland ta jihar Texas, aka yi awa 58 kafin a ciro ta da rai, kuma wannan labari na cikin waɗanda suka ɗaga sunan CNN. Tashar da ke watsa labarai dare da rana tana da awanni 24 da za ta cike kullum. Idan irin wannan ya faɗo mata, kuma abokan gogayyarta sun riga sun ɗora, da wuya a samu editan da zai ce a dakata a tantance.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a yi tunani a kai. A lokacin da suke nuna hoton, su kansu sun yarda akwai yaro a ciki. Wato sun amince su nuna wa miliyoyin mutane abin da zai iya zama mutuwar ɗan shekara 6 kai tsaye.

Daga ina zargi ya fara?

Daga bakin yaron, a daren ranar. An gayyaci iyalin shirin Larry King Live na CNN, Wolf Blitzer ne ya gabatar a wannan dare. Aka tambayi yaron me ya hana shi fitowa alhali yana jin ana kiran sunansa. Uban ya maimaita masa tambayar, sai ya amsa da abin da ma'anarsa ita ce: ai ku kuka ce don shirin muke yi.

Daga nan mutane suka fara haɗa wasu abubuwa. Iyalin sun fito sau biyu a shirin Wife Swap na tashar ABC, wanda ake musayar matan gida biyu na ɗan lokaci ana ɗaukar yadda zaman zai kasance. Ma'auratan sun haɗu ne a makarantar koyon wasan kwaikwayo a Hollywood. Richard mai bin guguwa ne da mota yana ɗaukar hotonta, kuma ya daɗe yana tallata wa kamfanoni shirin kimiyya da yake son a yi da shi da iyalinsa. Sannan an bayyana cewa kafin su kira lambar gaggawa ta 911, sun kira hukumar kula da sufurin jiragen sama da tashar KUSA ta Denver, mai jirgi mai saukar ungulu. Bidiyon da iyalin suka ɗauka da kansu ya nuna uban yana tsaye a wurin lokacin da balan-balan ɗin ya tashi, yana faɗa yana shurin katako saboda ba a riƙe igiya ba.

Maganar ɗan shekara 6 ta isa hujja?

Ita kaɗai ba ta isa ba. Yaro ne da ya yini cikin ruɗani, dare ya yi, fitilu sun haske masa ido, manya sun zuba masa ido suna jiran amsa. Uban ya ce ɗan nasa ya rikice ne, yana nufin 'yan jaridar da suka nemi ya nuna musu yadda ya hau silin. Wannan bayani mai yiwuwa ne a kan kansa. Abin da maganar yaron ta yi shi ne buɗe ƙofar bincike. Abin da ya kai iyayen kotu kuwa shi ne bayanin da uwar ta yi wa masu bincike kwana biyu bayan haka. Takardar rantsuwar da 'yan sanda suka gabatar ta ce Mayumi ta amsa cewa sun san yaron yana gida, sun shirya abin tun kimanin mako biyu kafin ranar, sun kuma umarci 'ya'yansu uku su yi wa hukuma da 'yan jarida ƙarya, duk don iyalin su ƙara farin jini wurin masu shirya shirye-shirye.

Balan-balan ɗin zai iya ɗaga yaro tun farko?

Lissafin ba mai wahala ba ne. Kowace mita ɗaya ta iskar hiliyam, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, tana ɗaga kusan kilo ɗaya. Yaron nauyinsa kilo 17, ga nauyin ledar da akwatin. Da farko wani malamin kimiyyar lissafi da motsi na Jami'ar Jihar Colorado ya ce abin zai yiwu, bisa awon da uban ya bayar. Da hukuma ta auna balan-balan ɗin da kanta, sai ta ce ba zai iya ɗaukar yaron ba. Masu bincike sun ɗauki wannan da muhimmanci, domin wanda ya ƙera abu da hannunsa ya fi kowa sanin ƙarfinsa.

Wane hukunci aka yanke?

Ranar 18 ga Oktoba shugaban 'yan sandan gundumar Larimer, Jim Alderden, ya fito ya ce shiri ne. Ranar 13 ga Nuwamba Richard ya amsa babban laifi na yunƙurin yaudarar jami'in gwamnati, Mayumi ta amsa ƙaramin laifi na kai rahoton ƙarya. Ranar 23 ga Disamba aka yanke wa mijin kwana 90, matar kwana 20, da ɗaurin talala na shekara 4 ga kowannensu, aka kuma hana su cin riba da labarin a tsawon wannan lokaci. Daga baya aka sa su biya kimanin dala 36,000 na kuɗin da hukumomi suka kashe wajen ceto. Ba a raba su da 'ya'yansu ba.

To an tabbatar ƙarya ce, ko har yanzu zargi ne?

A idon doka an gama magana, tunda sun amsa laifi. Amma tun watan Janairun 2010 Richard yake cewa ba shiri ba ne, ya amsa ne don ya ceci matarsa. Mayumi 'yar Japan ce, a lokacin ba ta da takardar zama 'yar Amurka, kuma da an same ta da babban laifi za a iya korar ta daga ƙasar. Lauyansu ya ce wannan barazana ce ta sa suka sa hannu. Iyalin sun kuma ce an yi wa Mayumi tambayoyi ita kaɗai da Turancin da bai zauna mata sosai ba.

Wannan ƙorafi ba na yasarwa ba ne. A kotunan Amurka yawancin shari'o'in laifi da yarjejeniyar amsa laifi suke ƙarewa, kuma an sha samun wanda ya amsa abin da bai yi ba don tsoron abin da ya fi shi muni. Duk da haka, idan aka jera kiran gidan talabijin, da awon balan-balan, da maganar yaron, da bayanin uwar, a ganina nauyin hujja ya fi karkata ga cewa shiri ne. Abin da aka rasa shi ne shari'a a buɗe, inda za a yi wa shaidu tambayoyi a gaban jama'a.

Ranar 23 ga Disamba 2020 gwamnan Colorado, Jared Polis, ya yi wa ma'auratan afuwa. Bai ce ba su yi ba. Dalilinsa shi ne sun riga sun biya a idon jama'a, bai kamata laifin ya bi su har ƙarshen rayuwa ba.

Da gaske ne shugaban 'yan sandan ya ɓoye wa 'yan jarida gaskiya?

Shi da kansa ya faɗa. A kwanakin farko Alderden ya riƙa cewa ya yarda da iyalin. Daga baya ya ce bayan hirar CNN ya ci gaba da faɗin haka ne da gangan, don iyayen su saki jiki su ba da haɗin kai. Dabarar ta yi aiki, amma tana da tsada: gidajen jarida sun ɗauki maganar hukuma sun kai wa jama'a a matsayin gaskiya, alhali mai maganar ya san ba haka zuciyarsa take ba. Gobe idan ya fito neman taimakon jama'a kan wani yaron da ya ɓata da gaske, wasu za su yi jim kafin su yarda.

Ina laifin gidajen talabijin, tunda su ma yaudararsu aka yi?

Bin balan-balan ɗin yana da uzuri. Hukuma ta ce akwai yiwuwar yaro yana ciki, an tashi jiragen soja, labari ne. Kuskuren farko shi ne yadda "ana zaton" ya rikiɗe ya zama "yana ciki" a bakin masu gabatarwa da rubutun ƙasan allo, alhali shaidar da ake da ita ta wani ƙaramin yaro ce guda ɗaya.

Babban laifin yana cikin abin da ya biyo baya. An ga yaro, yana lafiya, labari ya ƙare. Abin da ya dace da ɗan shekara 6 a wannan dare shi ne wanka da abinci da barci. Maimakon haka aka zaunar da shi gaban kyamara. Da ya yi suɓutar baki, washegari da asuba aka sake zaunar da shi a shirye-shiryen safe na ABC da NBC, inda aka dawo da wannan magana tasa. Amai ya kama shi a lokacin hirarrakin biyu, a ɗaya ma a gaban kyamara. Aka yanko hoton aman aka riƙa maimaitawa, ya shiga intanet, masu barkwanci suka samu abin yi.

A duba matsayin da aka sa shi. Idan iyayensa sun umarce shi ya yi ƙarya, to an tilasta masa zaɓi tsakanin saɓa wa mahaifinsa da yi wa duniya ƙarya. Idan kuma ba su umarce shi ba, to kalma ɗaya da ya furta cikin gajiya ce ta buɗe hanyar da ta kai uwarsa da ubansa kurkuku. Ko wanne ne, an mai da shi shaida a kan iyayensa ba tare da lauya ko ma'aikacin jin daɗin yara a gefensa ba. 'Yan sanda da kotuna suna da ƙa'idojin yi wa yara tambayoyi: wuri mai natsuwa, ƙwararren mai tambaya, ba a cusa wa yaro amsa. Ɗakin watsa shiri ba shi da ko ɗaya. Iyayen ne suka kawo shi, gaskiya ne, amma amincewar iyayen da ake zargi da amfani da ɗansu ba ta wanke wanda ya kunna kyamara. Iyayen sun yi zaman kaso sun biya kuɗi. Tashoshin da suka sayar da tallace-tallace a kan labarin ba wanda ya nemi kwabo a hannunsu.

Akwai wasu lokutan da aka yi irin haka?

Akwai, kuma wasu sun fi wannan muni nesa ba kusa ba. A Oktoban 1994 Susan Smith ta garin Union a South Carolina ta ce wani baƙar fata ya ƙwace mata mota da 'ya'yanta biyu a ciki, ɗan shekara 3 da ɗan wata 14. Kwana tara tana kuka a talabijin, ana tare baƙaƙen fata ana yi musu tambayoyi, kafin ta amsa cewa ita ta tura motar cikin tafki da yaran a ciki.

A Ingila, a Fabrairun 2008, wata yarinya 'yar shekara 9 ta ɓace a Dewsbury. Jaridar The Sun ta sa ladan fam 50,000, 'yan sanda suka kashe sama da fam miliyan 3. Bayan kwana 24 aka same ta a ɓoye cikin ƙasan gado a gidan wani ɗan'uwan saurayin uwarta. Uwar, Karen Matthews, da mutumin sun shirya ne don su karɓi ladan. Kowannensu ya samu shekara 8.

Na Meziko daban ne, domin babu iyayen da suka shirya komai. Bayan girgizar ƙasar 19 ga Satumba 2017, makarantar Enrique Rébsamen ta rufta. Tashar Televisa da wasu suka shafe fiye da yini guda suna ba da labarin wata yarinya, Frida Sofía, da aka ce tana motsa yatsu a ƙarƙashin ɓaraguzai. Ranar 21 ga wata rundunar sojan ruwa ta ce babu wata yarinya mai wannan suna. Yara 19 da manya 7 ne suka mutu a makarantar, kuma iyayensu na nan a wurin lokacin da ƙasa ta tattara hankali kan wadda ba ta wanzu ba.

Ke nan a riƙa zargin duk iyayen da suka fito talabijin suna kuka?

A'a, kuma wannan ita ce ɓarna mafi girma da masu irin wannan shiri ke bari. A Agustan 1980, a kusa da dutsen Uluru na Ostareliya, Lindy Chamberlain ta ce karen daji ya ɗauke jaririyarta 'yar mako tara daga tanti. Jama'a da jaridu suka ce fuskarta ba ta nuna baƙin ciki yadda ya kamata ba. A 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. A 1986 aka tsinci rigar jaririyar kusa da ramin karnukan, aka sake ta, a 1988 aka soke hukuncin, sai a 2012 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a hukumance cewa karen ne. Shekara 32 ke nan. Babu wanda ke iya karanta gaskiya ko ƙarya a fuskar uwa ta allon talabijin.

Kuma yawancin irin waɗannan labarai gaskiya ne. Da yawa daga cikinmu sun bi labarin Rayan, ɗan shekara 5 da ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a arewacin Maroko a Fabrairun 2022, aka yi kwana biyar ana haƙa, Allah Ya yi masa rasuwa. Hukumomin Colorado sun yi daidai da suka tashi jirage. Nema farko, bincike daga baya.

Akwai dokar da ke kare yaran da ake neman suna da su?

Tana tafe a hankali. California ta yi dokar Coogan tun 1939, bayan Jackie Coogan, wanda ya yi fice a fim yana yaro, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A yau dokar tana tilasta ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro ɗan wasa a asusun da ba mai taɓawa sai shi. Sai dai an yi ta ne don 'yan wasan da aka ɗauka aiki. Yaron da aka yi hira da shi a labarai ba ya ciki.

Yanzu ma abin ya bar talabijin ya koma waya, inda uba shi ne mai kyamara, shi ne edita, shi ne mai karɓar kuɗi. A 2017 wasu ma'aurata a Maryland masu tashar DaddyOFive a YouTube sun rasa riƙon biyu daga cikin yaran, aka kuma yi musu ɗaurin talala na shekara 5, saboda bidiyon da suke zagin yaran suna sa su kuka da sunan wasa. Faransa ta yi doka a 2020 kan yara 'yan ƙasa da shekara 16 da ake samun kuɗi da bidiyonsu, har da ba su damar neman a goge. Jihar Illinois ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a Yulin 2024, wadda ta wajabta wa iyaye ware wa yaro kasonsa.

Idan saƙon cigiyar yaro ya shigo wayata, me zan yi?

Cigiya a rediyo da masallaci da gidan mai unguwa tsohuwar al'ada ce mai amfani, kuma ta mayar da yara da yawa hannun iyayensu. Wadda ke yawo a WhatsApp da Facebook ita ce ke bukatar ɗan tsayawa. A duba ko akwai ranar ɓata, da unguwa, da lambar da za a kira. A kira lambar kafin a tura, domin sau da yawa an ga yaron tun watanni da suka wuce, saƙon ne ke ta yawo. A tambaya ko an sanar da 'yan sanda da mai unguwa. Idan saƙon ya fi ba da ƙarfi kan lambar asusun banki fiye da kamannin yaron da kayan da ke jikinsa, a yi hattara. Idan aka samu shakka, hukuma za a kai wa, ba a kama sunan iyaye ana yaɗawa ba. Idan kuma aka ga yaron, a sanar da duk waɗanda aka tura wa, a goge hotonsa daga shafi.